Hawan Jini da Rashin Jini a Jiki Ɗaya

 Labarin da zan ba ku na gidanmu ne, akwai kuwa laifina a cikinsa. Na daɗe ina so in rubuta shi, kunya tana hana ni. Amma wata Lahadi cikin watan jiya, bayan an tashi daga sujada, na ji wata mace a bakin ƙofar majami'a tana ce wa 'yar'uwarta, "Tun da sun ce ba ki da jini, ai hawan jinin ya tafi ke nan. Ki huta da ƙwayoyin nan." Sai gabana ya faɗi, gama wannan maganar ce daidai na faɗa wa yayana da bakina a shekarar 2017. Na tsaya na yi musu bayani nan take. Da na koma gida na ce wa uwargida, wannan karon sai na rubuta.

Yayana ya girme ni da shekara 7. Sa'ad da mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na sakandare, shi ya zama uba a gare mu. Manomi ne, yana kuma da injin niƙa a bakin kasuwar ƙauyenmu. Da kuɗin masara da na niƙa ya biya mini makaranta har na zama malami. Saboda haka ba ya kirana da sunana, sai dai "Malam", wani lokaci da wasa, wani lokaci da gaske. Kowace takarda ta shigo gida sai a ajiye ta har Malam ya zo hutu. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai ɗaga buhun masara shi kaɗai, shi ne kuma mai babbar murya cikin ƙungiyar mawaƙa. Ban taɓa ganinsa kwance da rana ba.

A shekarar 2014 zumuntar mata ta gayyato wata nas ta auna mutane kyauta bayan sujada. Aka ɗaura wa Yaya abin awo a damtse, aka sami 170 bisa 105. Nas ɗin ta sāke aunawa, ta ce masa kada mako ya ƙare bai je asibiti ba. Ya je, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa sha kowace safiya. Ya sha wajen wata uku. Da ciwon kan da yake ji a ƙeya ya bar shi, sai ya ga ba dalilin ɓata kuɗi. Daga nan sai ran da kai ya dame shi ne yake aiken yaro kemis a sayo masa na kwana biyu. Akwai kuma wani abin da ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. Aikin inji da na gona suna sa masa ciwon baya, domin haka kusan kowane dare yakan haɗiye haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, irin wanda ake ƙullawa a 'yar leda. Shekara uku ana cikin haka.

Da daminar 2017 ta kama, sai muka ga mutum ya sāke. Wanda yakan huɗe kunya goma bai ɗaga kai ba, ga shi yana yin biyu ya dogara da garma yana haki. Tafin hannunsa ya yi fari. Matarsa ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ba ta ga ja ba. Ya shiga gari, ya je wani ɗakin gwaji, ya biya kuɗin gwajin zazzaɓin cizon sauro da na jini. Akan huda yatsa, a zuƙi jinin cikin wani gilashi siriri kamar tsinken tsintsiya, a juya shi cikin inji har jan ya kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama, sa'an nan a auna kashi nawa ne jan cikin ɗari. Na namiji mai lafiya yakan kasance tsakanin 40 da 50. Na Yaya 27 ne. Ba wanda ya ɗaura masa abin awo a damtse ran nan, gama bai biya kuɗin wannan ba, bai kuwa faɗa musu an taɓa ce masa yana da hawan jini ba.

Na zo hutu cikin watan Agusta. Da yamma muna zaune a tabarma gindin mangwaro, sai ya miƙo mini takardar ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. Waɗancan sun ce jinina ya hau, waɗannan kuwa sun ce ba ni da jini. Wanne zan kama?"

Ban yi tunani ba ko na minti ɗaya. Na ce, "Yaya, ai abu biyun nan ba sa zama tare. In jini ya ragu, ai ya sauka ke nan. Yanzu ƙarin jini kake bukata."

Ya yi dariya ya ce, "Madalla. Na huta da ƙwaya ke nan."

Na sha tambayar kaina abin da ya sa na amsa haka. Ina gani kalmomin ne suka ruɗe ni. In Bahaushe ya ji an ce abu ya hau, sai ya tuna da kogi cikin marka, ya cika yana amai. In ya ji an ce babu, sai ya tuna da rijiya da bazara. Kogi kuwa ba ya cika ya ƙafe a rana ɗaya. Ni da nake zana zuciya a allo ina koya wa 'yan aji shida yadda jini yake kewayawa, ban taɓa tsayawa na tambaya mene ne ainihin abin da yake hawa ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Ban sani ba, mu je mu tambayi likita." Amma wanda ya biya mini kuɗin makaranta yana duban fuskata, sai na ga kamar abin kunya ne in ce ban sani ba.

Muka shiga ƙara masa jini yadda muka sani. Na sayo masa kwalba uku na maganin ƙarin jini. Matarsa tana dama masa madarar gwangwani da lemon malt, tana matse masa ganyen ugu, ana yi masa farfesun hanta da gishiri da dunƙule yadda zai ji daɗin ci. Ƙarfi bai komo ba, amma muka ce a hankali ne. Ran godiyar kaka, cikin watan Nuwamba, ya tashi a gaban jama'a ya ba da shaida, ya ce Ubangiji ya warkar da shi daga hawan jini, wata huɗu ke nan bai sha ƙwaya ko ɗaya ba. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Ina cikin masu tafin.

Kafin Kirsimati ya fara cewa baƙaƙen littafin waƙa suna haɗuwa masa, ba ya iya karantawa. Muka ce shekaru ne, a nemo tabarau. Sai amai da safe, sai ƙaiƙayi a jiki duka, ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ran 27 ga Disamba da asuba haɓo ya kece masa ya ƙi tsayawa, yana kuma magana ba kan gado. Muka ɗauki shatar mota zuwa Jos.

Da aka auna shi a asibiti aka sami 240 bisa 140. Jan jinin kuwa ya sauko zuwa 19. Wata likita, wadda ba ta kai shekaruna ba, ta haska ƙwayar idonsa da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta juyo ta ce, "Yaushe ya daina shan maganinsa?" Matar Yaya ba ta ce kome ba, ta dube ni kawai. Na faɗa wa likitar gaskiya, har da maganar gindin mangwaro. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Malam, ba kai kaɗai ba ne, kullum muna jin wannan." Washegari, da abubuwa suka ɗan lafa, ta zaunar da mu a benci ta yi mana bayani. Abin da ta faɗa, da abin da na bi na karanta daga baya, shi nake so in ba ku.

Hawan jini ba yawan jini ba ne. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Abin da ake aunawa a damtse shi ne ƙarfin da jinin yake tunkuɗar bangon jijiya da shi. Kowane mai noman rani ya sani, in ka matse bakin tiyo da yatsa ruwa yakan fita da ƙarfi, ba kuwa domin ruwan ya ƙaru ba. Haka jijiyoyin jini suke in sun tsuke, sun yi tauri. Lamba ta sama ita ce ƙarfin sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Na mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80. Daga 140 bisa 90 zuwa sama, in an auna a ranaku dabam dabam aka sami haka, shi ne hawan jini. Wanda nasa ya kai 180 bisa 120, ga ciwon kai mai tsanani, ko duhun gani, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, wannan ba ya jiran gari ya waye.

Rashin jini kuma ba ƙafewa ba ne. Maganar kauri ce. Ku ɗauki koko ƙwarya biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya an tsinka shi da ruwa. Dukansu sun cika ƙwarya, amma ɗaya ne yake riƙe ciki. Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai wa kowace gaɓa. Su ne kaurin. In sun yi kaɗan, jinin yana nan cike da jijiya, amma ya tsinke. To, tsinkakken koko ma ana iya tura shi da ƙarfi ta cikin matsattsen tiyo. Halin da Yaya yake ciki ke nan. Wuri ɗaya ne tunaninmu yake da gaskiya, wato in jini ya zuba da yawa farat ɗaya, kamar a haɗarin mota ko bayan haihuwa. A nan ne awon damtse yakan faɗi ƙasa. Amma rashin jinin da ya zo a hankali, wata da watanni, ba ya warkar da hawan jini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe hawan jinin ne ma ya haifi rashin jinin. Hanyar kuwa ta ƙoda ce. Ni dai na san ƙoda da tace fitsari kaɗai. Kowace ƙoda tana da 'yan ƙananan rariyoyi wajen miliyan ɗaya, jini yana bi ta cikinsu dare da rana. In ana tura musu jini da ƙarfin da ya fi nasu shekara da shekaru, sai su riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, mutum kuwa ba ya jin zafin kome. Amma ƙoda tana da wani aiki kuma. Ita ce take aika wa ɓargon ƙashi da wani sinadari mai suna iritiropoyitin, wanda yake gaya masa ya ƙera sababbin jajayen ƙwayoyi. Kowace jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu, dole a riƙa maye gurbinta kullum. In ƙoda ta raunana, saƙon ba ya zuwa sosai, ɓargo ya rage aiki, tsofaffi suna mutuwa, sababbi ba sa isa. Ko ka ba mutumin hantar sa guda, ba za ta yi abin da kake so ba, gama ba kayan aiki ne suka ƙare ba, mai aike ne ya kwanta. Kwalabena uku ke nan. Har wa yau ƙodar da ta lalace takan riƙe gishiri da ruwa a jiki, ta ƙara hawan jinin, shi kuma ya ƙara lalata ta. Farfesun da muke cika wa gishiri da dunƙule, itace muke ƙara wa wuta.

Likitar ta ce a kan Yaya akwai ƙari. In hawan jini ya kai irin nasa, yakan yayyage cikin 'yan ƙananan jijiyoyi, har jajayen ƙwayoyin da suke wucewa su farfashe. Ta ce an ga gutsattsarinsu da aka duba jininsa a madubin ɗakin gwaji. Abin da ta gani a idonsa kuwa jini ne da ya ɗiɗɗiga a bayan ƙwayar ido, da kumburin jijiyar gani. Ido ne wurin da likita yake iya ganin jijiyoyin jini a fili ba tare da ya tsaga mutum ba, abin da ya gani a can kuwa, shi ne yake faruwa a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Da ta ji labarin ƙwayoyin leda sai ta girgiza kai. Irin su ibufurofen da dikulofenak, in an daɗe ana sha, suna ɗaga hawan jini, suna cutar ƙoda, suna kuma iya sa gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye.

Ku dubi zuciya a tsakiyar wannan duka. Tana bugawa wajen sau dubu ɗari kowace rana. Hawan jini ya sa tana turawa da wahala, kamar jaki mai hawan tudu. Rashin jini kuma ya sa dole ta ƙara sauri, domin jinin da take aikawa bai ɗauki isasshiyar iska ba. Hawan tudu ke nan da gudu. A hankali naman zuciyar ya yi kauri, daga baya ta buɗe, ta gaji, ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Shi ya sa in likitoci suka ga mai hawan jini yana kuma da rashin jini, ba sa murna irin wadda muka yi. Sun lura da cewa masu ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da suke da rashin jini sun fi saurin komawa gadon asibiti, ba sa kuma daɗewa kamar waɗanda jininsu yake da kauri. Rashin jinin sau da yawa alama ce cewa ɓarnar ta yi nisa. Takardar da Yaya ya miƙo mini a watan Agusta ƙararrawa ce, ni kuwa na karanta ta kamar albishir.

Kada wani ya ji wannan ya ce to, ba makawa ke nan. A dā haka ne. Kafin a sami magunguna, yawancin masu irin wannan mugun hawan jini ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu. Shugaban Amurka ma, Franklin Roosevelt, da dukan likitocinsa, hawan jini ne ya fasa masa jijiya a ƙwaƙwalwa ran 12 ga Afrilu 1945, an kuwa auna nasa ran nan ya kai 300 bisa 190. Amma abin ya sāke. Likitoci a Birmingham ta Ingila sun bi labarin masu wannan ciwo na wajen shekara 40. Cikin waɗanda aka gano kafin 1977, mutum 32 ne cikin 100 suka kai shekara 5 da rai. Cikin waɗanda aka gano daga 1997 zuwa 2006, mutum 91 ne cikin 100. Sun kuma ga cewa abin da yake raba mai daɗewa da marar daɗewa, ban da shekarun haihuwa, shi ne halin da ƙoda take ciki ran da mutum ya zo, da yadda aka riƙe hawan jinin daga baya. Na karanta wannan sau da yawa ina lissafin watanni. Daga Agusta zuwa Disamba wata huɗu ne. Daga 2014 kuwa shekara uku ce.

An saukar da na Yaya a hankali, cikin kwanaki, gama an ce in aka saukar da shi gaba ɗaya ƙwaƙwalwa tana iya rasa jini. Hankalinsa ya komo, ganinsa ya ɗan gyaru. Amma ƙoda ta riga ta tafi. Aka fara yi masa wankin ƙoda, aka ƙara masa jini leda biyu yana kan injin. An ce mana akwai waɗanda ƙodarsu takan ɗan farfaɗo bayan watanni in an riƙe hawan jinin sosai, muka riƙe wannan bege. Ka'ida ita ce wanki sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zuwa. Kuɗin mako ɗaya ya fi albashina na wata. Ga kuma allurar iritiropoyitin, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1989, mai maye gurbin saƙon da ƙoda ta daina aikawa. Ita ma da tsada, kuma ba a yinta da ka, domin tana iya ɗaga hawan jini, likitoci ma ba sa yarda su kai jinin cikakken kaurinsa da ita, gama an ga hakan yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ikilisiya ta yi abin da ba za mu manta ba. An yi baiko na musamman sau uku. Ƙungiyar mawaƙa ta nome masa gona. Muka sayar da injin niƙa, sa'an nan shanun huɗa. Wanki ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya, ya koma sai ran da aka samu. Wata rana a mota muna komowa na ce masa, "Yaya, ka gafarta mini, ni na ce ka bar magani." Ya ce, "Malam, kafin ka faɗa na riga na bari. Abin da nake so in ji ne ka gaya mini." Ban sani ba ko ta'aziyya ce wannan ko hukunci. Ya tafi wurin Ubangiji cikin watan Agusta 2018, yana da shekara 45. Ya bar mace da 'ya'ya biyar.

Maganar shaidar nan ta ran godiyar kaka ta daɗe tana damuna. Ba na shakkar cewa Allah yana warkarwa. Amma mun saba da wani irin tunani, cewa mai shan ƙwaya kullum bangaskiyarsa ba ta cika ba, ranar da ya zubar da ita kuwa ita ce ranar nasara. Ban ga wannan cikin Littafi Mai Tsarki ba. Sa'ad da Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun, addu'a da magani a ɗaki ɗaya. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara ma, a wurare da yawa da suka gina majami'a sun gina ɗakin shan magani kusa da ita. Fastonmu na yanzu, in wani ya zo zai ba da shaidar warkewa daga hawan jini ko ciwon suga, yakan tambaye shi a ofis tukuna, "Likita ya auna ya tabbatar?" Waɗansu suna jin haushinsa. Ni ina goyon bayansa.

Ba kowane mai hawan jini da rashin jini ne ƙodarsa ta lalace ba, kada in tsorata ku fiye da kima. A ƙasarmu abubuwan da suke tsinka jini suna da yawa, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa kusa, gyambon ciki, sikila, abinci marar sinadarin ƙarfe. Yayar uwargidana ta sami abu biyun nan tare a 2021. Da aka kawo mini takardarta, wannan karon na ce ban sani ba, na kai ta asibiti da kaina. Aka gwada fitsarinta a ga ko furotin yana yoyo, aka gwada jininta a ga aikin ƙoda, duka lafiya. Ashe jinin al'ada ne yake zubar mata fiye da kima saboda ƙari a mahaifa. Aka yi mata aiki, ta sha ƙwayar ƙarfe wata shida, ba ta kuwa fasa maganin hawan jininta ko rana ɗaya ba. Tana nan tana tuyar ƙosai. Ita hanta da wake da zogale sun amfane ta, an kuma ce ta riƙa shan lemo ko cin goba tare da abinci, ta bar shayi sai can daga baya, gama shayi yana hana jiki ɗaukar ƙarfen. Mai ciwon ƙoda kuwa ba ya ɗura wa kansa ganye da 'ya'yan itace sai ya tambaya, akwai waɗanda ƙodarsa ba ta iya fitar da gishirinsu. Tambaya ɗaya ce ta raba labarinta da na Yaya, wato me ya sa jinin ya ragu. Akwai ma magungunan hawan jini da suke ɗan rage kaurin jini ga waɗansu mutane. In haka ne, likita ne zai sāke maka wani, ba kai za ka ajiye ba.

Ni ma an same ni da shi a 2019, 160 bisa 100, ba na kuwa jin ciwon kome. Ashe ba abin mamaki ba ne, gama yakan bi gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa babba ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. Ƙwayata tana kan Littafi Mai Tsarki a gefen gado, in na gama addu'ar safe sai in haɗiye. Sau ɗaya a shekara, cikin dogon hutu, ina zuwa a gwada fitsari, da aikin ƙoda, da kaurin jini, ina ajiye takardun cikin ambulan ɗaya domin a riƙa gwada na bana da na bara. Maganar gishiri ce ta fi ba mu wahala a gida. An ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule da burodi, kanwa ma tana cikin lissafin. Mako biyu na fari yara sun yi ta gunaguni a kan miya. Uwargida ta ƙara daddawa marar gishiri da citta da tafarnuwa, yanzu ba mai magana.

Bayan rasuwar Yaya ƙungiyar mawaƙa ta tara kuɗi ta sayi abin awon hawan jini mai batir. Yana ofishin fasto. Lahadi ta fari ga kowane wata, bayan sujada, wata 'yar'uwa ma'aikaciyar asibiti takan zauna da shi a gindin dalbejiya, ni kuma ina rubuta lambobin a littafi. Mata suna zuwa da yawa. Maza ne ba sa so, sai su ce lafiyarsu ƙalau, su hau babur. Matar nan da na ji ana ba ta shawara a bakin ƙofa ta zo, an sami nata 175 bisa 110, ta kuwa koma asibiti da takardar gwajin jininta a hannu, muna jiran sakamakon ƙodarta.

Bana na kai shekarun da Yaya ya rasu yana da su. Babban ɗansa yana wurina, yana aji biyar na sakandare, na kuma auna shi shi ma. Ku tuna da matar yayana da yaran cikin addu'o'inku, gama har yanzu akwai sauran bashin asibiti da ba mu gama biya ba.